Kumburin hanjin bakwaini: yadda muka yi jinyar 'yata daga kwalba har sallama

Duk wadda ta haifi bakwaini za a ja mata kunne kan sanyi, kan numfashi, kan shawara. Ba kasafai ake gaya mata cewa hanjin jaririn ma bai yi ƙwari ba, kuma akwai ciwon da ba ya bayyana sai an fara sakin jiki ana cewa an tsallake. Ni sai da ya kama 'yata na san da shi. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki ne don wadda za ta shiga ɗakin jarirai bayana ta shiga da saninta.

Cikina yana wata na bakwai na je awo da kumburin ƙafa da ciwon kai mai naci. Nas ta gwada jinina, ta sake gwadawa, sai ta kira likita. Likita ya duba fitsari ya ce ba zan koma gida ba, hawan jini ne irin na masu ciki. A ranar aka fara yi mini allurar deksametason, wadda ake yi wa uwa don huhun jariri ya yi saurin ƙwari idan za a haife shi kafin lokaci, kuma daga baya na ji cewa tana rage haɗarin ciwon hanjin ma. Aka ƙara da allurar hana jijjiga. Da jinin ya ƙi sauka suka ce dole a ciro, amma ba su da kwalba, sai suka rubuta mana takardar zuwa babban asibiti. Kada a raina wannan takarda. A cikinta aka rubuta allurar da aka yi mini da lokacin da aka yi, kuma ita ce abu na farko da aka tambaye mu muna isa. An yi mini aiki cikin yana da mako 31. Yarinya ta zo da nauyin kilo 1.3, ban ko gan ta da kyau ba aka wuce da ita ɗakin jarirai, wanda a ƙofarsa aka rubuta SCBU.

Abin da ya fara rikita maigidana shi ne jaririya nata katin daban, nata fayil daban, nata lissafin kuɗi daban, ko da kuwa ni ina kwance a asibitin. Tunda ba a raɗa suna ba, da sunana aka buɗe mata. Ya biya kuɗin kati, ya biya kuɗin ajiya na gado, sannan aka miƙo masa jerin abubuwan da zai sayo: famfas mafi ƙanƙanta, auduga, sirinji, kanula (ƙaramar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa), safar hannu, ƙaramin kofi mai murfi. Tsarin kullum ɗaya ne. Likita ya rubuta, ka kai wurin biya, ka karɓi rasit, ka kai kantin magani ko ɗakin gwaji, ka dawo ka miƙa wa nas ta taga. Idan ba a samu maganin a ciki ba, sai a fita waje. Ƙanwata ce ta kawo shawarar jakar leda guda don rasit kawai, kuma ta yi mana rana, domin an taɓa cewa ba mu biya wani gwaji ba sai da aka zaro rasit ɗin.

Da na iya tashi aka tura ni a keke na je na gan ta. Ana cire takalmi da mayafi a ƙofa, a wanke hannu har gwiwar hannu, a sa riga ta asibiti. Iyaye mata kaɗai ke shiga, uba sai an ba shi izini. Tana kwance a kwalba, robar oksijin a hanci, wata siririyar roba ta bi ta baki zuwa ciki, ƙarin ruwa a hannu. Sista mai kula da ɗakin ta ce, "Maman yarinya, aikinki ɗaya ne yanzu, ki tatso mana dakashi, ko ɗigo biyu ne kada ki raina." Ta nuna mini yadda ake tatsa da hannu, babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a danna zuwa ƙirji sannan a matse. Abin da ya fito bai cika gindin sirinji ba, amma ta karɓa ta shafa wa yarinyar a cikin kumatu. Bayan aiki da hawan jini nono ba ya saurin zuwa. Da abin da nake samu ya gaza, likitoci suka riƙa cikewa da madarar gwangwani ta bakwaini na ɗan lokaci. Ciwon shawara ya zo aka sa yarinyar a haske, ya wuce. Ranar suna aka raɗa a masallaci ba taro, kuɗin ragon ma an riga an taɓa su.

Nan ne aka fara kawo abubuwa daga gida. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo da zamzam da dabino da rubutu a gora, wata gwaggona ta aiko da bauri. Duk don ƙauna suka yi. Sista ta ce babu abin da zai shiga bakin yarinyar sai abin da likita ya rubuta, har ruwa. Rubutun ni na sha, zamzam ɗin ma haka, addu'a kuwa aka yi ta yi daga bakin ƙofa. A lokacin na ɗauka tsauri ne irin na ma'aikata. Yau da na san yadda hanjin bakwaini yake, ina ganin wannan doka tana cikin manyan alheran da aka yi mana.

Mako na biyu ya zo da sauƙi. An cire oksijin, ana ƙara mata nono kaɗan-kaɗan duk bayan awa uku, har an fara maganar fito da ita daga kwalba. Wata safiya na kawo nonon da na tatsa, nas ta ɗaura sirinji a bakin robar ta ja baya kamar yadda suke yi kafin su ba da abinci. Abin da ya biyo kore ne shar, ga ragowar nonon da aka ba ta tun dare bai narke ba. Ta ajiye sirinjin ta buɗe famfas. Akwai ɗan zaren jini a cikin kashin. Sai a lokacin na lura da cikin, ya tashi, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau. Ta ɗauko tef ta auna zagayen cikin daidai cibiya, ta kwatanta da na jiya, ta ce wa abokiyar aikinta ta kira likita yanzu. Yarinyar da jiya take mutsu-mutsu ta yi laushi, kuma kafin likita ya iso sai da numfashinta ya ɗauke na ɗan lokaci, nas ta shafa tafin ƙafarta ya dawo.

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya ce a tsayar da abinci gaba ɗaya, a sauya robar da mai faɗi a bar bakinta a buɗe cikin leda don iska da ruwan cikin su riƙa fita, a mayar da oksijin, a ɗebi jini, a yi hoto. Maigidana ya bi layin biya sau da yawa a wannan rana: gwajin ƙwayoyin jini, gwajin gishirin jiki, gwajin da ake shuka jini a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, wanda sakamakonsa ke ɗaukar kwanaki, sai kuɗin hoto. Na'urar hoton da ake turowa ɗakin ba ta aiki a ranar, dole aka naɗe yarinyar a zani da bargo, nas ta rungume ta, wani ya biyo da tukunyar oksijin. Lokacin hunturu ne. Ina tsaye a baranda da ɗinkin aiki ina kallonsu suna tafiya, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Da hoton ya fito, babbar likitar jarirai ta kira mu ni da maigidana, ta ɗaga shi a jikin fitila ta nuna mana da bakin biro. A gefen hanjin akwai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo jere, kamar kumfar sabulu. Ta ce iska ce ta shiga cikin bangon hanjin kansa, inda bai kamata a same ta ba, kuma ƙwayoyin cuta ne ke haifar da ita. A fayil sun rubuta NEC. Kumburin hanji ne wanda idan ya yi tsanani wani sashe yakan mutu ya ruɓe, har ya huje. Ta ce kusan 9 cikin 10 na jariran da ke kamuwa bakwaini ne, kuma cikin waɗanda aka haifa ƙasa da kilo 1.5, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 sukan gamu da shi, galibi a mako na biyu ko na uku, bayan an fara ba su abinci. Ta bayyana mana cewa likitoci suna kasa shi mataki uku, bisa tsarin da wani likitan tiyata a Amurka mai suna Martin Bell ya fitar a 1978: na farko zato ne, na biyu an tabbatar a hoto, na uku jiki ya rikice ko hanji ya huje. Tamu tana mataki na biyu.

Na tambaye ta abin da ke cin raina. "Likita, nonona ne ya yi mata illa? Ko madarar ce?" Ta ce nonona ba ya cikin masu laifi, shi ne ma mafi girman kariya da aka sani. Sanadin ba ɗaya ba ne: hanji ne da bai gama ginuwa ba, jinin da ke isa gare shi wani lokaci ba ya wadata, musamman ga jaririn da uwarsa ta yi hawan jini, sai ƙwayoyin cutar da suka samu wurin zama. Game da madara ba ta ɓoye ba. Ta ce tun 1990 wani babban bincike a Ingila ya nuna bakwainin da madarar gwangwani kaɗai yake sha ya fi mai shan nono zalla kamuwa sau 6 zuwa 10, wanda ake haɗa masa biyun yana tsakani, amma akwai masu shan nono zalla da suke kamuwa, don haka ba wanda zai iya nuna abu guda ya ce shi ne. Wannan amsar ta sauke mini nauyi, domin a ɗakin jego an riga an fara raɗe-raɗin cewa nonona ba shi da kyau.

Magani shi ne a hutar da hanjin. Kwana goma ba ɗigon komai ta baki, sai ƙarin ruwa mai sukari da gishiri, da maganin kashe ƙwayoyin cuta iri uku ta jijiya: amfisilin, jentamaisin da metronidazol. Da yamma likitocin tiyatar yara suka zo suka danna cikin, suka duba hoton, suka ce ba aiki yanzu, amma a shirya. Aka karanta wa maigidana takardar amincewa da tiyata don kada a tsaya nemansa da tsakar dare, aka ce ya kawo masu ba da jini. Wannan ma akwai abin sani. Jinin da jaririya ke buƙata bai taka kara ya karya ba, amma ma'ajiyar jini sai an mayar mata da leda guda, kuma har da jinina aka ɗiba wajen gwajin dacewa. Ƙanen maigidana ya bayar. A kwanakin farko hoto ake maimaitawa a kai a kai, kowanne da kuɗinsa, saboda lokacin ne hanji ya fi hujewa, kuma abin da suke nema shi ne iskar da ta fita daga hanji ta taru a cikin ciki. Kowane hoto aka tafi ɗauka, zuciyata tana hannuna har a dawo.

Tsayar da abincin nan shi ya fi komai wahalar fahimta ga 'yan uwa. Hajiya ta same ni a ɗakin iyaye ta ce, "'Yar nan, wane irin magani ne wannan da za a hana jinjiri abinci? Yunwa ai ita za ta ƙarasa ta. Ku karɓo ta mu tafi gida." Ban iya ba ta amsa ba, don ni ma idan na ga yarinyar tana tsotsar robar bakinta sai hawaye. Maigidana ya roƙi likita ta yi wa Hajiya bayani da kanta. Ta fito har baranda, ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Hajiya, hanjin ne ke da rauni a ciki. Duk abin da aka zuba masa yanzu zai ƙara kumbura shi ya fashe. Abincinta yana shiga ta jijiya." Hajiya ta yi shiru, can ta ce Allah ya ba da sa'a. Daga ranar ita ce mai korar masu zuwa da shawarar a sa hannu a fita da yarinya. Na ga waɗanda suka sa hannu suka tafi da nasu a irin wannan hali, wasu don kuɗi sun ƙare, wasu don matsin dangi, kuma ba na jin zan manta da fuskokin iyayen.

Gaskiya ruwan sukari kaɗai ba ya gina jiki. Akwai cikakken abincin jijiya mai furotin da mai, amma inda muke ba a haɗa shi, sai wani ruwan furotin da aka rubuta mana muka nemo a waje da tsada. A nan kuɗi suka fi tafiya, da wurin hoto da gwaje-gwaje, har sai da na ba da 'yan kunnena aka sayar. Yarinya ta rame, nauyinta ya koma ƙasa da na haihuwa. Jijiyoyin hannu da ƙafa suka ƙare, aka aske gefen kanta aka sa kanula a nan. Wanda bai sani ba zai firgita, amma jijiyar fatar kai ce kawai, ba ta kusa da ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya aka yi mata ƙarin jini.

Ni kuwa aka ce kada in kuskura in daina tatsa. Da farko ban ga amfanin ba tunda ba mai sha. Sista ta ce idan na bari nonon zai ƙafe, ranar da za a ce a fara ba ta kuma ba abin da hanjin zai iya ɗauka sai shi. Duk awa uku nake tatsa, har da dare, in rubuta rana da lokaci a jikin kofi. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki, kwana huɗu a firji, watanni a firiza, amma ga yanayin wutarmu da yawa zubarwa aka yi. Ban yi baƙin ciki ba, don manufar ita ce ya ci gaba da zuwa. Kunun gyaɗa da ruwa na riƙa sha. Kunun kanwa da wankan ruwan zafi na jego likita ya hana ni saboda hawan jinin, ya ce suna iya taɓa zuciya.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro da nasa hanjin ya huje. Cikinsa ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, da dare aka shiga da shi tiyata, aka yanke ruɓaɓɓen sashen aka fito da bakin hanjin ta gefen ciki, kashi yana zuba a leda, da nufin a mayar a haɗe bayan ya yi ƙwari. Ya rayu, na ga uwarsa tana koyon sauya ledar. Wata yarinyar kuma ba ta kai safiya ba. Ciwon nan yana kisa, kuma yana iya juyawa cikin awoyi, shi ya sa ba a jira a ga abin da gobe za ta yi.

A hankali ruwan da ke fita ta robar ya daina kore ya koma fari, awon cikin ya riƙa raguwa, likita ta sa abin sauraro ta ce hanji ya fara motsi. Hoton ƙarshe ya fito babu kumfar. Da kwanakin suka cika aka ce in kawo sabon nono. Mililita ɗaya aka fara da shi. Bayan awa uku nas ta ja sirinji, ba abin da ya dawo. Haka aka riƙa ƙarawa sannu-sannu, ana rage ƙarin ruwa. Akwai ranar da cikin ya ɗan tashi aka dakata aka sake dubawa, sannan aka ci gaba. Wannan karon nonona ya wadata, ba a sake buɗe gwangwani ba. Da aka cire ƙarin ruwa sai aka koma da mu ɗakin goyon kangaru, inda ake ɗaure jariri tsirara sai famfas da hula a ƙirjin uwa, fata da fata, yini da kwana. A birnin Bogota na Kolombiya aka faro shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi tun daga haihuwa ga bakwaini. A ƙirjina ta koyi shan nono da kofi, sannan ta kama da bakinta.

Ranar sallama ma aiki ce. Sai an je ofishin lissafi an rufe asusun yarinya da nawa, an kawo takardar shaidar ba a binmu, sannan a ba da takardar sallama. Muka roƙa a rubuta NEC da matakinsa da magungunan da aka yi mata a jiki ɓaro-ɓaro, muka yi kwafi. Aka yi mata rigakafin farko aka buɗe kati, aka ba mu ranar duba ido, wanda ake yi wa bakwainin da ya sha oksijin, da ranar gwajin ji saboda jentamaisin yana iya taɓa kunne. Takardar haihuwa kuma a teburin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa muka karɓa.

Ga wadda ta tsinci kanta a inda na tsaya, abin da zan ce shi ne ki fara tatsa tun ranar haihuwa, kada ki jira nono ya kawo da kansa, kuma ki nemi a nuna miki da hannu. Ki riƙa kallon abin da ke fitowa a sirinji da abin da ke cikin famfas, domin nas ɗaya tana iya riƙe jarirai da yawa, ke kuwa ɗaya gare ki. Kore, jini, ciki mai sheƙi, laushin jiki, ko ɗaukewar numfashi, ki faɗa nan take ko da ƙarfe nawa ne, kada kunya ta hana ki. Idan dangi sun matsa, ki haɗa babbar cikinsu da likita ido da ido, hakan ya fi ki yi ta gardama da surukai kina jego. Masu ba da jini a tanade su tun kafin a nema. Idan kuɗi sun yanke, a tambayi ofishin jin ƙai na asibitin kafin a yi tunanin sa hannu a fita.

Bayan mun koma gida akwai abu guda da likitar tiyata ta ce mu sa wa ido. Inda hanjin ya warke yakan yi tabo ya tsuke, kuma hakan yana iya bayyana makonni bayan an sallami yaro, ko da ba a yi masa aiki ba. Alamarsa kumburin ciki, amai kore, kashi ya ƙi fita, ko nauyi ya tsaya. Ta ce idan mun ga haka kada mu tsaya kemis, kada a ba ta maganin basir ko na kumburin ciki, mu dawo kai tsaye da takardar sallama. Tamu ba ta samu wannan ba. Wata shida nono zalla ta sha, da ɗigon ƙarin jini da bitamin da aka rubuta mata. A asibiti ana lissafa girmanta ne daga ranar da ya kamata a haife ta, wato ana cire kusan wata biyu, don haka da ta yi jinkirin zama ba mu tayar da hankali ba. Yanzu tana tafiya, kuma har yau muna kai ta ganin likitan yara a ranakun da aka ba mu.